Yadda Za a Tsaya wa Iyalin da Suka Rasa 'Ya'yansu a Gobarar Gida

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama a Kano, gobarar dare takan yawaita, ko dai daga kaskon garwashi da aka shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, ko daga hita da aka manta a bokiti har wutar lantarki ta dawo da tsakar dare. Yara ne suka fi shiga hatsari, domin hayaƙi yakan sumar da su cikin barci, ƙarafan tagogi kuma su hana a ciro su. Iyalin da wannan ya faɗa wa suna buƙatar ta'aziyya da jaje a lokaci guda, saboda sun rasa rai, sun kuma rasa matsuguni.

Abu na farko shi ne a kula da waɗanda suka tsira. Duk wanda ya shaƙi hayaƙi, ko da babu ƙuna a jikinsa, a kai shi Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, domin illar hayaƙi ga maƙogwaro da huhu tana iya bayyana bayan wasu sa'o'i. A daidai lokacin, wani maƙwabci ko ɗan'uwa ya buɗe musu ɗaki a gidansa, kada a bar uwa zaune a ƙofar gida tana kallon bangon da ya yi baƙi. A sanar da mai unguwa da liman, a bar wa limamin sha'anin suturta gawa, tunda malamai sun yi bayanin cewa idan cuɗawa za ta saɓule fata sai a kwarara ruwa kawai, idan hakan ma bai yiwu ba a yi taimama. A sami dattijo guda da zai hana matasa ɗaukar hoto da waya. Ina roƙon a ɗauki wannan da gaske, domin hoton da ya shiga Facebook ko WhatsApp wata rana sai ya iso idon mahaifiyar.

Sai abinci da sutura. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Gidan da ya ƙone ba shi da ko tukunya, don haka gidajen layin su raba kwanaki a tsakaninsu, har da abincin baƙin da za su zo daga nesa. Macen da ta fito da ɗaurin ƙirji kaɗai tana buƙatar zani da hijabi da takalmi tun kafin gari ya waye, sannan bargo da tabarma, kuma a ba ta su a keɓe, ba a gaban taro ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne baki. Masu zuwa gaisuwa sukan zauna su fara tambaya: “Ya aka yi wutar ta tashi? Ina kike lokacin? Wa ya kulle ƙofar?” Uwar nan ta riga ta yi wa kanta waɗannan tambayoyi sau dubu, kuma kowane mai tambaya yana sa ta sake shiga ɗakin ne da zuciyarta. Binciken musabbabi aikin Hukumar Kashe Gobara ne. Mai ta'aziyya ya tsaya ga “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansu, Allah ya sa masu ceto ne,” ya yi addu'a, ya tashi. Kada a ce mata “ai ke yarinya ce, za ki haifi wasu,” domin ɗa ba ya maye gurbin ɗa. Kada kuma a tsawata mata don hawaye, tunda Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Idan zuciya ta ɗan lafa, malami ya tuna wa iyayen hadisin da ya lissafa wanda wuta ta kashe cikin shahidai, da albishir ɗin gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi ga wanda ya rasa ɗa ya gode wa Allah. Dangin miji su yi hattara musamman, domin kalma ɗaya ta zargi daga uwar miji tana iya kashe auren da ya kamata ya zama mafakar mutanen nan biyu.

Game da kuɗi, a zaɓi amintattu biyu su riƙe gudummawa, su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a nemi iznin maigidan kafin a yi sanarwa a masallaci. Wani ya raka shi karɓar rahoton Hukumar Kashe Gobara, wanda zai taimaka wajen neman tallafin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha da sake samun takardun da suka ƙone.

Babban aikin yana farawa ne bayan sadakar uku, ranar da aka naɗe tabarmi kowa ya koma kasuwa. A nan ne shiru yake sauka. 'Yar'uwa ko aminiya ta riƙa kwana tare da uwar na wasu makonni, abokan uban kuma su riƙa jansa zuwa masallaci da majalisa, saboda namiji yakan haɗiye nasa har ya zame masa ciwo. Yaran da suka rage a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce 'yan'uwansu sun yi tafiya, a sama musu kayan makaranta su koma boko da Islamiyya. Idan an wuce wata guda uwar ba ta barci, tana firgita da warin hayaƙi, ko tana cewa gara ta bi su, a haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Aminu Kano ko na Dawanau, ba tare da jin kunya ba. Maganar son mutuwa kuwa ba a jira da ita ko kwana ɗaya.

Idan an gyara gidan, kada a matsa musu su koma sai sun ce sun shirya, kuma a sa wa taga ɗaya ƙarfen da ake iya buɗewa daga ciki. A riƙe ranar Sallar farko a zuciya, lokacin da yaran layi za su fito da sabon ɗinki, a je gidan da hantsi da ƙwaryar abinci, a zauna tare da su.