A faɗaɗa manhajar shago ne, ko a rubuta wata a gefe?

Sana'ata ɗora wa 'yan kasuwa manhajar lissafi da ta sito, galibi masu sari a Singa da Kantin Kwari. Da wuya a cika shekara ba a kira ni ba: "Malam, akwai abin da manhajar nan ba ta yi." Daga nan sai a tsaya tsakanin abu biyu, ko a yi wa wadda ake da ita ƙari, ko a rubuta wata daban.

Ni dai kujera nake fara nema in wuni a shagon. Ba na tambayar Alhaji me yake so, don Alhaji komai yana so. Wanda zai yi aikin da hannunsa nake kallo, da wurin da yake tsaye sa'ad da yake yi.

In aikin ya taɓa kuɗi ko kayan sito kai tsaye, a cikin babbar manhajar ya kamata ya zauna. Farashin mai ɗaukar katan 100 ya bambanta da na mai biyar, kada bashin kwastoma ya wuce iyaka, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da aka koma kansa a 2020 ya fito a rasidi: duk waɗannan aikin cikin gida ne. Kuma kafin ka biya kowa, sa a duba saiti. Cikin irin waɗannan manhajoji na lissafi da sito, mai suna Odoo tana da jerin farashi iri-iri, mai suna ERPNext tana da iyakar bashi, sau da yawa kunnawa ce kawai ba a yi ba.

In ƙarin ya zama dole, a rubuta shi a matsayin ɓangare mai zaman kansa, kada a taɓa ainihin manhajar. Wannan da kaina na koya. Don gaggawa na taɓa kutsawa cikin Odoo na sauya yadda take lissafa ragi. Ita kuwa duk shekara sabon samfuri take fitarwa. Ranar da muka sabunta, gyarana ya tafi da ruwa, na kwana uku ina tono abin da ni na binne, ban ma rubuta inda na taɓa ba.

Sabuwar manhaja kuwa tana da wurinta. Akwai wani dila da motocinsa ke kai taliya da man gyaɗa wajen Gezawa da Minjibir. Direba yana tsaye bakin mota cikin rana, ƙaramar waya a hannu, sabis na zuwa yana ɗaukewa, ga masu shago sun zagaye shi. Ba za ka ba wannan bawan Allah shafin da aka tsara don akanta mai kwamfuta da fanka ba. Ƴar manhaja muka yi masa mai maɓalli uku: na sauke kaya, na karɓi kuɗi, an dawo da kaya. Tana ajiyewa a waya, in ya samu sabis ta tura wa uwar manhajar da ke shago ta hanyar API, wato ƙofar da manhajoji ke magana da juna.

Sharaɗina a nan guda ne, kuma ba na sassautawa: littafi ɗaya. Ƙaramar ba ta da farashin kanta, ba ta riƙe bashin kowa. Daga uwar take karantowa kowace safiya. Kuma kowane rasidi ya fito da lambarsa tun daga wayar, don uwar ta gane shi in ya zo sau biyu. Kafin mu sa wannan, sabis ya taɓa yankewa ana cikin turawa, direba ya sake dannawa, katan 40 suka shiga sau biyu. Saura kaɗan a ɗora wa yaron sito sata.

Sai batun da masu shago ba sa son ji. Manhaja biyu, kulawa biyu ce: kuɗin saba (kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta a intanet), gyara in Android ta sauya, gyara in uwar ta sauya. Ka tambayi mai rubutawa nawa zai riƙa karɓa duk shekara, ku rubuta a takarda. Ka karɓi kwafin abin da ya rubuta da kalmomin sirri, asusun manhajar kuma ya kasance da sunan kasuwancinka, ba nasa ba. In ya fara kame-kame a kan wannan, nemi wani tun ba ka ba da kafin alƙalami ba.