Kurakuran da aka fi yi wajen yawon gandun daji a Legas

Duk ƙarshen mako za ka ga iyalai daga Agege, Idi-Araba ko Obalende sun kama hanyar Lekki zuwa Epe domin shan iska a gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990 a fili mai hekta 78. Da yawa daga cikinsu sukan yi shiga irin ta masu zuwa ɗaurin aure, alhali kurmi da fadama za su ratsa da ƙafa, kuma daga nan kuskure yake somawa.

Hanyar da ake bi katako ne aka shimfiɗa a kan fadama, kuma idan damina ta kankama, musamman a Yuni da Yuli, katakon yakan jiƙe ya yi santsi. Silifas da takalmin fata mai sulɓi ba su da wurin zama a nan, haka nan babbar riga da hijabin da ke jan ƙasa, domin suna iya maƙalewa a reshe ko su harɗe ƙafa. A sa kambas mai riƙe ƙasa da tufa mara nauyi wadda ta rufe hannu saboda sauro.

Wanda ya saba da ranar Kano ko Sakkwato yakan raina zafin Legas, sai ya shiga daji ba ruwa a hannu. Amma iskar bakin teku tana da laima, gumi ba ya bushewa, don haka jiki yakan gaji tun ba a je ko'ina ba. Kowa ya riƙe gorar ruwansa, kuma a bar gida da sassafe, kafin cunkoson motoci ya cinye safiyar.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ciyar da birai. Yaro ya miƙa biskit, manya suna dariya suna ɗaukar hoto, ba tare da sun lura cewa birin da ya saba karɓa daga hannun mutum, gobe warcewa zai yi ba. Irin wannan sabo ne yake sa su fisge leda ko jaka, wani lokaci har su yi yakushi ko cizo. Abinci ya zauna cikin jaka a rufe, kada a riƙa lilo da leda a hannu, kuma idan biri ya matso, a ja baya a hankali ba tare da ihu ko jifa ba. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na kimanin minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Sauka daga kan katako don yanke hanya ma ganganci ne, domin akwai macizai da kadoji a fadamar.

A kan gadar gandun mai lilo da ke ratsa saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda aka buɗe a 2015, samari sukan girgiza ta don tsokanar abokai, sun manta akwai masu jin jiri a bayansu. A bar tazara tsakanin juna, a riƙe igiya da hannu biyu, a bi umarnin ma'aikata, waya kuma ta jira har a kai wurin tsayawa, tunda abin da ya faɗi daga can da wuya ya dawo.

Sauran ladabi ne da kowa ya sani a gida amma yake mantawa a daji. Kunna kiɗa a sifika yana korar tsuntsayen da wasu suka biya kuɗin shiga don kallo. Idan kun zo da yawa, ku yi layi ɗaya ku ba masu sauri da dattawa hanya, ledar ruwan da aka shanye kuwa a mayar da ita jaka har a samu kwandon shara.