Ku juya furen kafin ku ce asta ne

'Yan'uwa masu hawa duwatsun Roki da Siyera Nebada a yammacin Amurka, kada launi ya ruɗe ku wajen gane furen asta mai suna Symphyotrichum spathulatum. Shunayya ne mai rawaya a tsakiya, amma haka wani fure mai suna Erigeron ma yake.

Ku juya furen, ku dubi ƙananan korayen ganyen da suka tallafe shi. In sun hau kan juna, wani gajere wani dogo, kamar ɓawon kifi, to asta ne. Na Erigeron kusan tsayinsu ɗaya.

Astan nan yakan yi fure daga Yuli zuwa Satumba, a filayen ciyawa da dajin da bai cunkushe ba. Don Allah kada ku tuge shi, daga saiwar nan yake sake tohowa kowace shekara. Hoton ƙasan furen ya isa.