Darasi na Bakwai: Abin da Ke Ɓoye Cikin Ruwan Sha

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a sha'anin ruwan sha ido bai san komai ba. Ruwa yana iya zama garau, ba laka ba wari, alhali cuta ce cike da shi.

Abin da ke gurɓata ruwa iri biyu ne: mai rai da marar rai.

Mai rai shi ne ƙwayoyin cuta, kuma yawancinsu daga kashin mutum da na dabbobi suke fitowa. Ruwan sama yakan wanke kashin da aka yi a fili ya kai shi rafi. Masai da ke kusa da rijiya yakan tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake so a bar aƙalla mita 30 a tsakaninsu. Ko ruwan ya iso gida lafiya, yaro ya tsoma moɗa har da hannunsa cikin randa, shi ke nan an ɓata shi. Ta wannan hanya ake kamuwa da kwalara, taifot, atini, shan inna da ciwon hanta mai sa shawara. A shekarar 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun annobar kwalara gida gida, sai ya tarar mafi yawan waɗanda suka mutu famfo ɗaya suke sha.

Gudawa tana kisa ne saboda ruwan jiki ya ƙare. Ku lura da yaro: idanu sun faɗa, baki ya bushe, fitsari ya ragu, in jariri ne maɗiga ta loɓa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a nufi asibiti. Kwalara ba ta jiran gari ya waye.

Marar rai kuwa sinadarai ne, kuma a ganina sun fi ha'inci, domin a hankali suke ɓarna. Dalma daga tsofaffin bututun ruwa tana dakushe ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda aka ji tsoro a birnin Flint na Amurka bayan an sauya musu ruwa a 2014. Sinadarin asenik yana fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A Bangladesh an haƙa rijiyoyin burtsatse don guje wa gudawa, daga baya aka gane miliyoyin mutane asenik suke sha, mai ɓata fata da jawo ciwon daji. Sinadarin fulorayid in ya yi yawa a ruwa yakan rine haƙora ya lanƙwasa ƙasusuwa. Takin zamani da ya zurara cikin rijiya yana hana jinin jariri ɗaukar iska.

Ga inda mutane da yawa ke kuskure. Tafasa ruwa, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, yana kashe ƙwayoyin cuta. Kulorin, maganin da ake zubawa a ruwa don tsabtace shi, ma yana kashe yawancinsu in an jira minti 30 kafin a sha. Amma wuta ba ta cire dalma ko asenik, sai ma ta ƙara musu kauri yayin da ruwan ke ƙonewa. Wannan sai an kai ruwan ɗakin gwaji, in an same shi da guba a sauya wurin ɗiba.

Aikin gida: auna taku nawa ne daga rijiyarku zuwa masai mafi kusa, ka rubuta adadin a littafinka.