Yadda Ake Barin Nama Ba Tare da Jini Ya Ragu Ba

A Tahoua, ƙasar kiwo, duk wanda ya ce ya bar nama sai an tambaye shi ko lafiya. Sau da yawa kuwa dalilin ke nan: hawan jini, ciwon suga, ko kitse ya yi yawa a jini. Amfanin ba ƙarya ba ne. Cimar da wake, hatsi da ganye suka rinjaya tana rage kitsen da ke toshe jijiyoyi, tana sassauta hawan jini, tana kuma maganin taurin bayan gida. Sai dai cire nama daga tukunya rabin aiki ne, sauran aikin yana ga abin da za a zuba a gurbinsa.

A fara da sinadarin gina jiki, wato furotin. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 48 a yini. Busasshen wake giram 100 yana ba da wajen giram 23, ƙwai ɗaya giram 6, sai a cike da awara, ƙuli-ƙuli ko riɗi. A riƙa haɗa wake da gero ko dawa, domin abin da hatsi ya gaza a kai wake na da shi. Ba lallai a kwano ɗaya ba, in dai cikin yini guda ne.

Waken a jiƙa shi tun dare, awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Jiƙon yana rage kumburin ciki, yana kuma sa waken ya nuna da wuri ba sai an jibga kanwa ba. Kanwa mai yawa tana kashe bitamin B1, ga gishirinta da mai hawan jini ke gudu. Wanda bai saba ba ya fara da ludayi ɗaya, ya ƙara sannu a hankali cikin makonni biyu.

Sai sinadarin ƙarfe mai gina jini. Akwai shi a wake, zogale da yakuwa, amma hanji ba ya tsotsarsa kamar na nama. Dabarar ita ce a matsa lemun tsami ko a yanka ɗanyen tumatir a kan kwaɗon zogale da dambu, saboda bitamin C na ƙara tsotsar. Shayi kuma yana danne ta. Mun san wuyar raba mutanen Adar, wato yankin Tahoua, da butar shayi bayan cin abinci, amma a daure a jinkirta ko da awa ɗaya.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne bitamin B12, mai taimakon gina jini da kare jijiyoyi. Ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale, sai abin da ya fito daga dabba. Babba na buƙatar mikrogiram 2.4 a kullum. Kofin madara yana ba da wajen rabin haka, ƙwai ɗaya kusan 0.5. Saboda haka mu ba ma goyon bayan a bar nono, cuku da ƙwai tare da nama. Fura da nono da rana, ƙwai da safe, sun toshe mafi yawan giɓin, amma a tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Wanda ya bar su duka, shan ƙwayar B12 ya zame masa dole. Hanta tana ajiye wannan bitamin na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau, sai daga baya kasala, mantuwa da mutuwar tafin ƙafa su bayyana, kuma lahanin jijiya in ya daɗe ba ya warkewa duka. Mai shan metformin don ciwon suga ya ƙara kula, maganin ma yana rage B12.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika ciki da farar shinkafa, burodi, taliya da soye-soye. Wannan ƙiba yake kawowa, ya ta da suga.

Mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro kada a hana su abincin dabba sai da shawarar likita. Sauran kuwa su auna jini tun farko, su sake bayan wata shida, ko da zarar sun ga cikin fatar ido ya yi fari ko haki ya kama su a ɗan gajeren tafiya.