Shawara ga mai niyyar kai wa ɗan'uwa ziyara a Falasɗinu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na je Ramallah wajen yayata da ke aure a can, ga abin da na so a ce an faɗa min tun kafin in tashi.

Ta Jodan na shiga, ta gadar Sarki Husaini zuwa Jeriko. Ku yi sammako, ku riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa, don jiran wurin kan ci rabin yini. 'Yar takardar da jami'an Isra'ila ke bayarwa maimakon buga hatimi a fasfo, ku adana ta sosai, ana nemanta a shingayen bincike.

Kada ku auna tafiya da nisa. Daga Ramallah zuwa Ƙudus bai kai kilomita 20 ba, amma ranar da muka nufi Masallacin Aƙsa, shingen binciken Isra'ila na Ƙalandiya, da ke tsakanin garuruwan biyu, ya cinye mana safiya. Mijin Yaya ba shi da takardar izinin shiga Ƙudus. Ya rako mu har bakin ƙofar ƙarfen shingen, ya tsaya, ya ce mu sa shi a addu'a idan mun isa. Wallahi har yau abin yana raina. Kuma kada ku ɗaga waya ɗaukar hoto a shingen.

Baƙaƙen tankunan da za ku gani a saman gidaje, na tara ruwa ne, domin famfo ba kullum yake kawowa ba. Ku yi tattali wajen wanka da wanki, masu gida ba za su iya faɗa muku ba.

Shekel, kuɗin Isra'ila, ake kashewa. Idan an kife tukunyar maƙluba (dafa-dukan shinkafa da nama da kayan lambu) a faranti, ku ci a hankali, don kuna gamawa za a ƙara muku.