Ga Matan da Za Su Kai Yara Firamare a Ingila

Tun da na zo hutu Katsina, kusan kullum bayan la'asar sai an yi sallama a gidan Hajiyarmu da ke Ƙofar Soro. 'Ya'yan ƙawayen Hajiya ne, da matan abokan maigidana, wata ma takanas ta taso daga Daura. Biza ta fito, za su bi mazajensu Ingila, kuma tambayar ba ta wuce ta makarantar yara. Na maimaita amsa har murya ta dushe, shi ya sa na ga gara in rubuta. A Birmingham nake zaune, yarana uku duk ta firamaren can suka bi.

Makarantar gwamnati kyauta ce. Shekarar karatu a Satumba take farawa, ɗan shekara 4 ya shiga ajin share fage da suke kira Risefshan, ya gama aji 6 yana da shekara 11. Da shekarun haihuwa ake ba yaro aji, don haka kada ki ɓata bakinki kina cewa a Katsina an yi masa tsallaken aji. Yunifom kuwa manyan kantunan Asda da Tesco suna da shi da araha, ki dai rubuta sunan yaro a jikin komai. Daga Risefshan zuwa aji 2 abincin rana kyauta ne, ki tambaya ko naman na halal ne. In daga gida za ki haɗa masa, ban da ƙuli-ƙuli da duk abin da gyaɗa ta taɓa, domin akwai yaran da gyaɗa ke iya kaiwa asibiti, makarantu da yawa sun hana ta.

Abin da ya sa ni kuka shi ne adireshi.

In kin iso tsakiyar shekara, ƙaramar hukumar da kike zaune za ki fara tuntuɓa kan neman gurbi, kuma kusancin gidanki da makaranta yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Za a ce ki kawo shaidar inda kike: takardar haya mai sunanku, ko ta harajin gida, ko ta kuɗin wuta da gas. Mu a watan Oktoba muka sauka. Wani mutum ya ba mu ɗaki biyu a saman wani shago, ya karɓi kuɗin ajiya da na wata biyu a hannu, ya ce tsakanin Musulmi da Musulmi ai ba sai an yi rubutu ba. Maigidana ya amince, ni ma ban musa ba, tunda haka muka saba a gida, a yi magana gaban shaidu, a yi addu'a, a miƙa makulli. Ranar da muka nemi takarda ya ce gobe. Goben ta zama jibi, daga nan ya daina ɗaga waya. Ashe shi ma haya yake yi, ya saka mu ba da sanin mai gidan ba, babu takarda ko ɗaya da za ta fito da sunanmu.

Mako bakwai babbar 'yata tana zaune a ɗaki. Da safe ta hau kujera ta leƙa taga, tana kallon yara suna wucewa da jakunkunan littafi, ta ce, "Umma, ni yaushe?" Ga sanyi, ga duhu yana rufewa tun ƙarfe huɗu da rabi. Yarinyar da a Katsina ita ke tashina da asuba don kada ta makara, sai ga ta ta daina ko tambaya. Hajiya ta kira ta ce yaya karatun jikarta, na ce lafiya lau, ina ajiye waya hawaye suka zubo. Sai da muka bar masa kuɗin ajiyar muka kama wani gida da rubutacciyar yarjejeniya, sannan aka ba ta gurbi, shi ma a makarantar da sai mun hau bas biyu.

Daga baya na san cewa a dokar Ingila kuɗin ajiya a irin hayarmu ba ya wuce na mako 5, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Wanda ya ce miki ba sai an rubuta ba, ki ɗauki jakarki ki fita. Bara wata ƙanwa ta iso, na zaunar da ita na ba ta labarin nan kaf. Ta ce, "Anti, ai shi wanda ya ba mu haya ɗan masallacinsu Abban yara ne." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san inda za a ƙare, kuma can ɗin aka ƙare, yaranta biyu suka yi wata guda a gida. Aron adireshin wani ma ba mafita ba ne, in aka gano ana iya ƙwace gurbin. Mai ɗan da zai fara Risefshan kuma ta riƙe 15 ga Janairu, ranar ake rufe karɓar takardun nema, sakamako ya fito 16 ga Afrilu.

In an samu makaranta, sai lokaci. Yawanci ana shiga wajen tara saura kwata, a tashi uku da kwata, kuma malama ba za ta saki ƙaramin yaro ba sai ga wanda kika ba da sunansa. Babu mai Napep da zai kwaso miki su, babu cewa su biyo 'ya'yan maƙwabta. In yaro ba shi da lafiya, ki kira ofis da safen nan. Hutun Sallah ana bayarwa in kin sanar tun da wuri. Amma bikin ƙanwarki a Katsina ba uzuri ba ne a wurinsu. Tun Agustan 2024, fashin kwana 5 ba da izini ba cikin mako 10 na iya jawo tarar fam 80, ta zama 160 in aka wuce kwana 21 ba a biya ba, kuma uwa daban, uba daban, a kan kowane yaro. Ki haƙura ki zo gida a dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, ko da tikiti ya yi tsada.

Bulala kuma ki bar ta a nan. In malama ta ga shatin duka a jikin yaro, aikinta ne ta kai rahoto, kuma ma'aikatan kula da yara za su ƙwanƙwasa miki ƙofa.

Ba ke kaɗai za ki ɗauki wannan nauyi ba, alhamdu lillahi. Matanmu na can sun iya riƙe juna. A unguwarmu mu huɗu muke karɓa-karɓa wajen ɗauko yara, kowace ta ba ofis sunayen sauran, ran Asabar kuma a haɗa su Islamiyya, a yi musu Hausa har su iya gaida Hajiya a waya ba tare da an fassara musu ba. Ki nemi irin waɗannan matan tun makon farko. Littafin da za a riƙa sako wa yaro a jaka ki zauna ya karanta miki minti goma, ki sa hannu a ɗan littafin shaida, ranar ganawa da malamai kuma ki je da kanki.

Kafin ki bar Katsina, ki karɓo wa kowane yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ki haɗa da katin rigakafinsa da sakamakon zangon ƙarshe. Ki duba harafi bayan harafi cewa sunan da ke jiki daidai yake da na fasfo, ki sa su a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna.